Bitar Tsarin Raba Gardamar Albashi a Gasar Besbol ta Amurka

Duk wanda ke bibiyar gasar besbol ta ƙwararru ta Amurka da Kanada, wato MLB, ya san cewa kafin a soma kakar wasa akwai wata kaka ta daban da ake yi a ɗakunan taro na otal-otal a jihar Fulorida ko Arizona, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, inda ɗan wasa da kulob ɗinsa ke gurfana gaban alƙalan raba gardama domin a yanke nawa zai karɓa a shekarar. Hidima ce da ɓangarori biyu suka kafa da hannunsu, masu kulob-kulob da ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, tun a yarjejeniyar 1973, aka kuma fara amfani da ita a 1974 lokacin da Dick Woodson, mai jifa (wato mai jefa wa ɗan wasan abokan hamayya ƙwallo ya buga) a kulob ɗin Minnesota Twins, ya zama na farko da aka saurari ƙararsa, ya kuma yi nasara. Na duba wannan hidima kamar yadda ake duba kowace hidima, wato me ta yi alkawari, wa take yi wa aiki, me take ci wa mai amfani da ita, kuma shin tana cika alkawarin. Abin da na gani shi ne tana yin aikin da aka gina ta dominsa fiye da yadda masu sukarta suke yarda, amma tana barin wa ɗan wasan da ya bi ta har ƙarshe tabon da babu dalilin barinsa, kuma ƙofarta a rufe take ga waɗanda suka fi kowa buƙatarta.

Ba kowa ne yake da ikon shiga ba. Sai ɗan wasa ya cika shekara uku a babbar gasa, wato MLB, kuma bai kai shida ba, domin daga shekara shida ya samu 'yancin sayar da ƙwarewarsa ga duk kulob ɗin da ya ga dama. Shekara a wannan lissafi kwana 172 ce a jerin 'yan wasan babban kulob. Akwai ƙaramar taga ga waɗanda ke tsakanin shekara biyu da uku, inda kashi 22 cikin ɗari da suka fi daɗewa a cikinsu suke samun shiga da wuri, su ci moriyar tsarin sau huɗu maimakon uku. A watan Nuwamba kulob yake yanke shawarar ko zai miƙa wa ɗan wasan kwantiragi ko zai sallame shi. Idan ya miƙa amma ba a daidaita kan kuɗi ba, a tsakiyar Janairu kowane ɓangare zai rubuta adadi guda ya ajiye, sannan a sa ranar zama.

A ranar zaman alƙalai uku ne ke sauraro, waɗanda ƙungiyar 'yan wasa da ofishin gasa suka amince da su tare. Kowane ɓangare yana da sa'a guda ya gabatar da hujjarsa, da rabin sa'a ya mayar da martani, kuma kowa shi ke biyan lauyoyinsa da wakilansa. Abin da ya bambanta wannan tsari da sulhun da aka saba shi ne alƙalan ba su da ikon raba bambanci biyu, kuma ba su da ikon ƙirƙiro wani adadi nasu. Dole ne su ɗauki adadin ɗan wasa ko na kulob, ɗaya daga ciki kacokan. A nan ne hikimar tsarin take, kuma a nan na fi yaba masa. Idan an san cewa mai hukunci zai tsaya a tsakiya, kowa zai zuzuta adadinsa domin ya ja tsakiyar zuwa wajensa, mai nema ya kai farashi sama, mai tayi ya yi ƙasa warwas. Amma idan an san cewa wanda adadinsa ya fi kusa da gaskiya shi zai kwashe duka, zuzutawa ta zama hasara, sai kowa ya matso da kansa ba tare da an roƙe shi ba. Shi ya sa a kowace shekara, cikin 'yan wasa fiye da ɗari da suka cancanta, mafi yawansu suke daidaitawa da kulob ɗinsu kafin a kai ga zama, 'yan kaɗan ne kawai ke shiga ɗakin. Mafi girman kuɗaɗen da aka samu a ƙarƙashin tsarin ma sau da yawa ta hanyar daidaitawa suka fito, kamar dala miliyan 30 da Shohei Ohtani ya amince da su da Los Angeles Angels domin kakar 2023, da dala miliyan 31 da Juan Soto ya amince da su da New York Yankees domin kakar 2024. Tsoron zaman ne ya samar da waɗannan adadi, ko da yake ba a yi zaman ba.

Abu na biyu da ya cancanci yabo shi ne sauri. Hukunci yakan fito washegarin zama ko jim kaɗan bayansa, ba ɗaukaka ƙara, ba jinkirin watanni, ɗan wasa ya shiga sansanin atisaye yana sane da albashinsa. Wanda ya san yadda shari'ar ƙwadago take jan ƙafa a kotunan ko'ina zai gane darajar wannan. Haka kuma an fayyace abin da za a iya kawowa a matsayin hujja: gudummawar ɗan wasa a kakar da ta wuce, tsawon aikinsa da ɗorewar ƙwazonsa, albashinsa na baya, albashin takwarorinsa, lafiyarsa, da yadda kulob ya taka rawa har da yawan 'yan kallo. An kuma hana kawo wasu abubuwa, musamman halin aljihun kulob ko na ɗan wasa, da sharhin 'yan jarida, da tayin da aka yi a lokacin ciniki. Hana kulob kukan rashin kuɗi a gaban alƙalai shi ne, a ganina, sharaɗi mafi adalci a cikin tsarin duka, domin yana nufin ɗan wasan da ke ƙaramin gari za a auna shi da ma'aunin da ake auna na babban birni.

Ba zai yiwu a yi wa wannan hidima adalci ba sai an dubi tagwayenta, wato raba gardama kan koke-koken kwantiragi da ladabtarwa, domin daga tushe ɗaya suka fito. Marvin Miller, wanda ya zo daga ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ta Amurka ya jagoranci ƙungiyar 'yan wasa daga 1966 zuwa 1982, ya samo yarjejeniya ta farko a 1968, wadda ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dala 6,000 zuwa 10,000. A 1970 kuma ya samo abin da ya fi kuɗi muhimmanci, wato a riƙa kai koke gaban mutum mai zaman kansa maimakon kwamishinan gasa, wanda masu kulob ne suke naɗa shi suke biyan sa. Hanyar kotu a rufe take a wancan lokaci, domin tun 1922 Kotun Ƙoli ta Amurka ta keɓe besbol daga dokokin hana babakere a kasuwanci, kuma da Curt Flood ya ƙi amincewa da sayar da shi daga St. Louis Cardinals zuwa Philadelphia Phillies a 1969 ya kai ƙara, kotun ta ƙi ba shi gaskiya a 1972, alƙalai biyar da uku. Abin da Kotun Ƙoli ta ƙi yi, mai raba gardama guda ɗaya ne ya yi shi. A ranar 23 ga Disamba 1975 Peter Seitz ya yanke cewa sharaɗin da ke bai wa kulob ikon sabunta kwantiragin ɗan wasa na shekara guda yana nufin shekara guda ɗin ne kawai, ba sabuntawa har abada ba, don haka Andy Messersmith da Dave McNally, waɗanda suka buga kakar 1975 ba tare da sa hannu a sabon kwantiragi ba, sun zama 'yantattu. Masu kulob suka sallami Seitz nan take, suka garzaya kotu, suka sha kaye, sannan a 1976 aka zauna aka amince da ka'idar shekara shida da ake bi har yau.

Wannan hanya ce kuma ta tona haɗin bakin da masu kulob suka yi daga 1985 zuwa 1987, lokacin da suka ƙi taya 'yantattun 'yan wasan juna domin su danne farashi, har ta kai Andre Dawson ya miƙa wa Chicago Cubs kwantiragin da ba a rubuta adadi a ciki ba, suka cike dala 500,000, ya kuma zama gwarzon ɗan wasan rukuninsa a 1987. Thomas Roberts da George Nicolau suka yanke cewa an karya yarjejeniya, a 1990 masu kulob suka amince su biya diyyar dala miliyan 280. Ban san wata hidimar sasanta rikicin ma'aikata a duniyar wasanni da take da irin wannan tarihi ba, kuma duk abin da zan faɗa na suka daga nan ina faɗarsa ne da sanin wannan.

Babban aibin zaman albashi shi ne abin da yake tilasta wa kulob ya yi. Domin ya ci nasara, dole ne ya tsaya gaban baƙi uku, ɗan wasan yana zaune yana ji, ya lissafa kasawarsa ɗaya bayan ɗaya, alhali mako mai zuwa zai buƙaci wannan mutumin ya ba da ƙarfinsa duka a fili. A Fabrairun 2023 Corbin Burnes, wanda ya lashe kyautar gwarzon mai jifa ta Cy Young a 2021, ya nemi dala miliyan 10.75, Milwaukee Brewers suka taya miliyan 10.01, kulob ya yi nasara. Burnes ya fito ya gaya wa manema labarai cewa dangantakarsu ta yi rauni, kuma abin da ya fi yi masa zafi shi ne yadda aka ɗora masa babban kaso na laifin rashin kaiwa wasannin neman kofi na ƙarshen kaka a shekarar da ta gabata. Dala 740,000 ce tsakaninsu, kuma bayan shekara guda aka sayar da shi ga Baltimore Orioles. Ba na cewa zaman ne ya jawo sayarwar, domin akwai dalilan kasuwanci a fili, amma hidimar da take warware saɓanin kuɗi ta bar saɓanin zuciya ba ta gama aikinta ba. Abin ya ƙara muni tun da kusan dukkan kulob-kulob suka rungumi manufar daina ciniki kan kwantiragin shekara guda da zarar an musanya adadi a Janairu. Manufar tana matsa wa wakilan 'yan wasa su sassauta kafin wa'adi, amma tana kuma tura mutane zuwa ɗakin sauraro kan bambancin da kiran waya guda zai iya kashewa.

Aibi na biyu shi ne alƙalan ba sa bayar da dalili. Suna sanar da adadin da suka zaɓa ne kawai, babu rubutaccen hukunci. Wannan yana taimaka wa sauri, na yarda, amma tsarin da ya dogara kacokan a kan kwatanta wannan ɗan wasa da wancan yana buƙatar a san abin da ya rinjayi hukuncin jiya. Saboda ba a sani ba, lauyoyin ɓangarorin biyu sukan koma ga ƙididdigar da aka saba da ita tun da can, wadda ake kyautata zaton alƙalai za su gane, ko da kulob ɗin kansa ya daina dogaro da ita wajen saye da sayar da 'yan wasa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Dellin Betances a 2017. Yana cikin fitattun masu jifa na ƙarshen wasa a gasar baki ɗaya, an zaɓe shi wasan taurari sau uku a jere kafin zaman, amma cikin zagaye tara na wasan besbol mafi yawan aikinsa a na bakwai da na takwas yake, ba a na tara ba inda ake rubuta wa mai jifa cewa shi ya rufe wasa. Ya nemi dala miliyan 5, Yankees suka taya miliyan 3, ya sha kaye, sannan shugaban kulob ɗin, Randy Levine, ya fito bainar jama'a ya soki buƙatar tasa. Koci ne yake zaɓar zagayen da mai jifa zai shiga, ba mai jifan ba, don haka an hana shi albashin da ya nema ne a kan shawarar da ba shi ya yanke ba.

Akwai kuma wani gibi da na ɗauka a matsayin mafi rashin dacewa cikin sharuɗɗan. A ƙarƙashin yarjejeniyar 2022, albashin da aka daidaita a kai kafin zama yana da cikakken lamuni, amma wanda alƙalai suka yanke ba shi da shi har sai an fara kaka. J.D. Davis ya ci nasara a kan San Francisco Giants a Fabrairun 2024 aka yanke masa dala miliyan 6.9, a watan Maris kulob ya sallame shi ya biya shi kuɗin sallama kimanin miliyan 1.1. Kulob bai karya wata doka ba, kuma a nan matsalar take. Ɗan wasa ya bi hanyar da aka shimfiɗa masa, ya jure jin kasawarsa, ya yi nasara, sannan nasarar ta zama sanadin rasa mafi yawan kuɗin. Darasin da sauran 'yan wasa za su ɗauka shi ne su guji zaman ko da suna da gaskiya, wanda kuwa yana raunana barazanar da ita ce ginshiƙin tsarin.

Game da 'yancin alƙalan, gaskiya tana da fuska biyu. Kowane ɓangare yana iya sallamar mai raba gardamar koke idan ya daina amincewa da shi. Haka aka yi wa Seitz, haka kuma ofishin gasa ya yi wa Shyam Das a 2012, watanni kaɗan bayan ya soke dakatarwar wasa 50 da aka yi wa Ryan Braun saboda yadda aka sarrafa samfurin gwajin ƙwayoyi. Wannan iko yana sa kowa ya zauna da mutumin da ya yarda da shi, amma yana iya sa mai hukunci ya riƙa duba yadda zai rarraba nasara domin kada ya ɓata wa wani ɓangare da yawa. Duk da haka tarihin hukunce-hukuncen ya nuna mutanen da suka yanke abin da suka ga shi ne daidai suna sane da cewa kujerarsu za ta tafi, kuma kotuna sun ƙarfafa su, domin a shari'ar Steve Garvey ta 2001 Kotun Ƙoli ta jaddada cewa ba aikin kotu ba ne ta sake auna hujjojin da mai raba gardama ya riga ya auna. Abin da ya fi zubar da mutuncin tsarin a idona ba daga alƙalan ya fito ba. A 2019 jaridar wasanni ta The Athletic ta ruwaito cewa ofishin gasa yana bai wa kulob ɗin da ya fi danne albashi a wannan mataki wata ɗamarar zakara a kowace shekara, an kuma daina bayan labarin ya fito.

Sai batun waɗanda ba a bari su shiga ba, wanda shi ne tushen mafi yawan rikicin shekarun nan. Da farko shekara biyu ce ka'idar cancanta, aka mayar da ita uku a 1985, kuma tun daga nan ƙungiyar 'yan wasa take neman dawo da abin da ta bayar. Kulob-kulob na yau sun gane cewa matasa ne suke ba da mafi yawan amfani a fili, ga shi kuma a shekarunsu uku na farko kulob ne kaɗai yake yanka musu albashi, kusa da mafi ƙaranci. Lissafin kwanaki ya buɗe ƙofar dabara. A 2015 Chicago Cubs suka ajiye Kris Bryant a ƙaramar gasa har zuwa 17 ga Afrilu, ya gama kakar da kwana 171, saura kwana ɗaya tak ya cika shekara, wanda ya jinkirta 'yancinsa da kaka guda. Ya kai koke, amma sai a Janairun 2020 Mark Irvings ya yanke hukunci, kuma kulob ne ya yi nasara. Saurin da na yaba a zaman albashi babu shi a nan, domin koken ya kwashe fiye da shekara huɗu.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa wannan hidima ba ta hana yajin aiki, ba a ma gina ta domin haka ba, tana aiki ne kawai a cikin yarjejeniyar da take raye. Idan ana jayayya kan sabuwar yarjejeniya, ita kanta takan zama abin jayayyar. A 1994 masu kulob sun nemi a ƙayyade jimillar albashin kowane kulob a kuma soke raba gardamar albashi, 'yan wasa suka tafi yajin aiki ranar 12 ga Agusta, aka rasa wasan ƙarshe na World Series karo na farko tun 1904, kuma sai da mai shari'a Sonia Sotomayor ta ba da umarni ranar 31 ga Maris 1995 a dawo da tsofaffin sharuɗɗa kafin a koma fili bayan kwana 232. A tattaunawar 2021 ofishin gasa ya kawo shawarar maye gurbin zaman da wani lissafin ƙididdiga, ƙungiyar 'yan wasa kuma ta nemi a dawo da cancanta a shekara biyu, kowa ya ƙi na kowa. Masu kulob suka rufe wa 'yan wasa ƙofar aiki daga 2 ga Disamba 2021 zuwa 10 ga Maris 2022, kwana 99, aka ƙare da ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 700,000 da ware dala miliyan 50 a shekara a raba wa fitattun matasan da ba su kai ga cancanta ba. Taimako ne na gaske, amma kuɗin da ake rabawa bisa jadawali ba daidai yake da ikon tsayawa ka kare darajarka ba.

Ga ɗan wasan da ya cancanta, shawarata ita ce ya yi amfani da tsarin a matsayin makamin ciniki, ya daidaita idan tazarar kaɗan ce, musamman tunda daidaitawa ce kaɗai take ba shi lamuni, kuma a tarihi kulob-kulob sun fi 'yan wasa cin nasara a zama. Ya shiga ɗakin ne idan tazarar babba ce kuma takwarorin da zai kwatanta kansa da su a bayyane suke, kamar Ryan Howard da ya samu dala miliyan 10 a kan tayin miliyan 7 na Phillies a 2008, ko Vladimir Guerrero Jr. da ya samu miliyan 19.9 a kan tayin miliyan 18.05 na Toronto Blue Jays a 2024. Yarjejeniyar 2022 wa'adinta 1 ga Disamba 2026 ne, kuma cikin gyare-gyaren da za a iya kawowa teburin, wanda na fi so in gani shi ne a bai wa hukuncin alƙalai lamuni daidai da na daidaitawa, a kuma wajabta musu rubuta dalilinsu ko da a shafi guda ne. Waɗannan biyun ba su taɓa babbar jayayyar ƙayyade albashi ba, don haka babu abin da zai hana a amince da su tun a zaman farko.